Darasi na 9: Idan harajin shago ya taru alhali kana biyan bashi

Mai biyan bashin banki mako-mako yakan manta da kuɗin shago ko na rumfa, don jami'in banki yana zuwa kullum, masu haraji kuwa sai jifa-jifa. Amma harajin ne ke iya jawo a garƙame shago. Ranar da aka sa kwaɗo ciniki ya tsaya, biyan bankin ma ya tsaya, a koma kan wanda ya tsaya maka. Saboda haka kada a bar haraji a baya.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da shaguna a kan ƙananan hukumomi. To, ofishin kuɗin shiga na ƙaramar hukumarka za ka fara zuwa, da tsofaffin rasitai a hannu. Ka nemi a rubuta maka abin da ake binka: na wace shekara, nawa ne haraji, nawa ne tara. Sau da yawa akan maimaita wa mutum shekarar da ya riga ya biya, rasit ne kaɗai zai fitar da shi. Sannan ka roƙi a bar ka ka biya kashi-kashi. In shugaban ƙungiyar kasuwarku ya raka ka, magana ta fi sauƙi.

Kafin ka yi alkawari, yi lissafi. Misali: ribar mako ₦14,000, cefane ₦8,000, banki ₦5,000. Saura ₦1,000. Harajin ₦12,000 zai ci mako 12. Kada ka ce za ka biya ₦3,000 don jin kunya. Alkawarin da aka karya ya fi rashin yinsa illa.

Daga nan sai banki, tun ranar biya ba ta zo ba. Nuna musu takardar haraji, ka nemi a rage biyan mako a tsawaita wa'adi. Tambayi nawa hakan zai ƙara a kan bashin, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Kada ka ci bashin waya, wato rancen da ake karɓa ta manhajar waya, don toshe haraji, kuɗin ruwansa ya yi yawa, wa'adinsa gajere. Kuma duk wanda ya karɓi kuɗi bai ba da rasit mai hatimi ba, a littafin hukuma ba ka biya ba.

Aiki: in banki ya rage biyan mako zuwa ₦4,000, mako nawa harajin zai ɗauka?