Kafin ku ce samfurinku ya zama sufakondakta

Duk ƙarshen zangon karatu, in an zo kare ayyukan bincike a fannin fiziks a nan Kano, sai zanen nan ya sake bayyana a allo: layin turjiya, wato yadda abu ke tare wa wutar lantarki hanya, ya taho yana gangarowa, ya faɗi tim a kan sifili, ɗalibi ya rubuta a ƙasa cewa samfurinsa ya zama sufakondakta, wato abin da wuta ke ratsawa babu turjiya ko kaɗan. Ka tambaye shi da me ya auna, ya ce da mitar hannu, irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa a Sabon Gari. Na gaji da maimaita bayanin nan baki da baki, shi ya sa na rubuta shi.

Mu yi lissafin tare, ƙannena. Ɗauki sandar YBa2Cu3O7 (YBCO a taƙaice, haɗin itiriyom da bariyom da tagulla da oksijin) da aka gasa da kyau, faɗinta milimita 2, kaurinta milimita 2, tazarar wayoyin awo santimita 1. A zafin ɗaki turjiyarta ba ta wuce miliom 25 ko sama da haka kaɗan. Ka tura mata miliamfiya 10, abin da zai fito milibolt 0.25 ne. Mitar hannu kuwa mafi ƙanƙantar abin da take iya nunawa milibolt 0.1 ne. Da ka fara sanyaya sandar, turjiyarta za ta ragu kamar ta kowane ƙarfe, mita ta nuna 0.2, ta nuna 0.1, ta koma 0.0. Wannan sifilin na mita ne, idonta ne ya ƙare. Wanda yake musu ya yanki guntuwar wayar tagulla ya tsoma a ruwan naitirojin da wannan haɗin: turjiyar tagulla tana raguwa kusan ninki 8 a kelbin 77, wato sanyin ruwan naitirojin, ita ma za ta ba shi sifilin da yake so, alhali tagulla ba ta zama sufakondakta ko an kai ta ina. Ni dai ban yarda a ɗora samfur ba sai an fara gwada kayan awo da tagulla.

Masu awo da waya biyu kuwa tasu ta fi muni, domin abin da suke karantawa turjiyar wayoyi ne da ta wurin da waya ta taɓa samfur, wadda kan kai om guda ko fiye, wato ninki arba'in na abin da ake nema. Wani sa'in ma mahaɗar tana ƙara turjiya in ta yi sanyi, sai samfur mai kyau ya fito kamar ya lalace, a jefar da shi a banza. Waya huɗu ake sawa a jere: biyu na gefe su kai wuta, biyu na ciki su auna bolt. A liƙa su da fentin azurfa, a bar shi ya bushe sosai, a kuma tabbata fentin wata bai malalo ya taɓa na wata ba, don in ya taɓa ka samu wani sifilin ƙarya. A nemi mitar da ke ganin maikurobolt.

Ko da waya huɗun akwai sauran rina a kaba. Bakin waya ɗaya yana cikin sanyin kelbin 90, ɗayan yana cikin zafin ɗakin gwaji na watan Afrilu da ya doshi digiri 40. Duk inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu cikin irin wannan bambancin zafi, suna haifar da nasu bolt ɗin, maikurobolt kaɗan zuwa gommai, ko ba ka kunna komai ba. Maganinsa a juya wuta: a auna tana tafiya gaba, a auna tana dawowa, a ɗebe na biyu daga na farko a raba biyu. Kowane ɗigo a zanenka sai an yi masa haka. Sannan kada ka rubuta "turjiya sifili ce". Rubuta cewa ta gaza kaza: in hayaniyar mitarka maikurobolt 0.1 ce kuma ka tura miliamfiya 10, iyakar abin da za ka iya rantsewa a kai shi ne ta gaza maikuro-om 10.

Kada ku ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai abin ke kamawa. A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce wani haɗin darma da tagulla da suka kira LK-99 sufakondakta ne a zafin ɗaki. Duniya ta ɗauka. Cikin 'yan makonni ɗakunan gwaji a Sin da Jamus da Amurka suka gano cewa faɗuwar turjiyar da aka gani wajen digiri 104 ta fito ne daga gurɓacen Cu2S, haɗin tagulla da farar wuta, da ke cikin samfurin, wanda ke sauya tsarinsa daidai wannan zafin. Tsantsar abin da aka tace ma ba ya ɗaukar wuta. Ɓarɓashin da aka nuna yana ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu shi ma kallon kitse aka yi wa rogo. Girafait na musamman yana shawagi a kan maganaɗisu a zafin ɗaki, kuma a 1997 Andre Geim ya sa kwaɗo mai rai ya yi shawagi a fili mai ƙarfin tesla 16 a Holan. Hujja biyu ake nema tare kuma a zafi ɗaya: ɓacewar turjiya, wadda Kamerlingh Onnes ya fara gani a zaiba a kelbin 4.2 a 1911, da korar filin maganaɗisu daga cikin abu, wadda Meissner da Ochsenfeld suka gano a 1933.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, don shi ne ke cinye kuɗin sinadari da makonnin aiki: oksijin. YBCO, wanda aka gano a 1987, yana rasa turjiya wajen kelbin 92, sama da kelbin 77 na ruwan naitirojin, abin da ya sa talakan ɗakin gwaji ke iya wasa da shi. Amma 92 ɗin nan sai oksijin ɗinsa ya kusa cika 7 ɗin da ke ƙarshen YBa2Cu3O7. In ya tsaya wajen 6.6, sai kelbin 60, naitirojin ba zai kai ka can ba. In ya yi ƙasa da 6.4, babu komai sam. Kuma oksijin ɗin nan ba a tsananin zafi yake shiga ba. A digiri 950 ficewa yake yi. Yana komawa ne a hankali tsakanin digiri 500 da 400, lokacin da tanderu ke hucewa. To ku gaya min, wanda ya kashe tanderu da la'asar ya zaro ƙwayar samfurinsa tana ja don yana sauri ya kama adaidaita, me yake tsammani? Washegari ya zuba mata naitirojin, maganaɗisu ya zauna daram a kanta maimakon ya yi shawagi, ya ce sinadarin jabu aka sayar masa. Jabu ina? Ƙwayar baƙa ce wuluk, ido ba zai bambanta ta da mai kyau ba, amma tsarin cikinta ya daskare a siffar da ba ta aiki.

Ɗauke wuta a tsakiyar aiki haka yake yi, sai dai shi ba laifinka ba ne, laifinka shi ne ka ɓoye. Ɗabi'ata: ba a fara zagayen gashi na ƙarshe sai an tabbatar da man janareto na sama da awa 32. A gasa ƙwaya a digiri 930 zuwa 950 na awa 12, a sauko zuwa 450 da saurin da bai wuce digiri 1 a minti ba, a riƙe a nan awa 12 oksijin na ratsawa, sannan a bari ta huce a ciki ƙofa a rufe. Kuma in abin ya riga ya faru, kada a zubar. A mayar da ƙwayar digiri 450 cikin oksijin dare guda, sau da yawa tana farfaɗowa. A auna nauyinta kafin da bayan: ƙwayar giram 1 da ta tashi daga 6.5 zuwa 7 tana ƙara wajen miligiram 12. Sikeli ya gaya maka gaskiya tun kafin ka sayi naitirojin.

Tun wajen awon gari ma ana yin ɓarna. Lambobin 1:2:3 na ƙwayoyin zarra ne, ba na giram ba, kuma Y2O3 tana ɗauke da itiriyom biyu, don haka rabin mol ake ɗauka. Don giram 10: Y2O3 giram 1.695, BaCO3 giram 5.924, CuO giram 3.582. A gasa Y2O3 tukuna, tana shan laima. A daka, a gasa a digiri 900, a sake dakawa, a sake gasawa. In gari ya fito da kore-kore, Y2BaCuO5 ne, ko awo ya kuskure ko dakan bai yi ba; in kuma zafi ya haura digiri 1000, ya narke ya kama kasko. BaCO3 guba ne, har maganin ɓera ake yi da shi, ba a cin gyaɗa a teburin.

Ruwa maƙiyin YBCO ne. Ƙwaya ta fito daga naitirojin, ƙanƙara ta lulluɓe ta, a busar da ita nan take da iska mai ɗumi a sa a kwalba da silika, musamman da damina.

Ma'aunin zafi ya manne da samfur a kan faranti ɗaya na tagulla, kuma kada a wuce kelbin 1 a minti. In zanen sanyaya da na ɗumama ba su hau kan juna ba, ma'auninka ne ke biyo baya. Na fi son ma'aunin zafi na Pt100, don in ka tsoma shi a naitirojin ya ba ka wajen om 20 ka san lafiyarsa ƙalau. Don gwajin shawagi kuwa, maganaɗisun lasifika ya yi nauyi kuma ba shi da ƙarfi. Ɗan ƙaramin niyodimiyom na 'yan milimita ake nema.

Masu awon maganaɗisu: hantsakin ƙarfe, cokalin ƙarfe da ƙurar hunturu sun isa su ba ku "sabon feromagnet". Turmin agat da hantsakin roba, samfur a rufe, kuma a auna mariƙin shi kaɗai a ɗebe. Ku daina cakuɗa ma'aunai: tesla 1 gaus 10,000 ne, osted 1 kuwa amfiya 79.6 a mita, tsakanin tsarin ma'aunai na SI da na CGS akwai 4π. Wanda ya samu kashi 150 cikin ɗari na samfurinsa ya zama sufakondakta, siffar samfurin ce bai gyara wa lissafi ba. Dunƙulallen abu kamar ƙwallo haka yake bayarwa.

Waɗanda suka gudu wa tanderu suka koma kwamfuta da manhajar lissafin zarra ta Quantum ESPRESSO su ma ba su tsira ba. Ka kunna lissafin juyin lantarki, wato spin, amma ka bar maganaɗisun farawa a sifili, injin zai ce maka ko baƙin ƙarfe ba maganaɗisu ba ne. Makamashin da yake bugawa da ridbag yake, kowane ɗaya eV 13.6. Lissafin yau da kullum yana nuna La2CuO4 a matsayin ƙarfe alhali ba ya ɗaukar wuta, yana kuma ba NiO giɓin makamashi na wajen eV 1 inda awo ya ba da wajen 4. In ka sa gyaran U, wato adadin da ake ƙarawa don rage wannan kuskure, faɗi adadin da dalilin zaɓensa. Kuma lissafin McMillan, mai hasashen zafin da turjiya ke ɓacewa, na abubuwan da girgizar zarra ke haɗa lantarkinsu ne, kada a ɗora shi a kan YBCO.

Ruwan naitirojin yana kumbura kusan ninki 700 in ya koma iska. Kada a zuba shi a fulas ɗin shayi a murɗe murfi, fashewa zai yi. Tulun da masu barbarar shanu ta allura ke amfani da shi ya fi, mai sakakken murfi, kuma in za a ɗauko shi a mota a sauke gilasai.