Kurakuran da ake yi wajen sauya kafireton tsohuwar motar shiga daji

Babban kuskure shi ne sayen kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, tun ba a tabbatar shi ne mai laifin ba. Mota ta fara tari, silo (juyin inji ba tare da an taka totur ba) ya ƙi zama, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, nan take sai a ce kafireto ya mutu. Sau da yawa kuwa matsalar tana ɓangaren wuta: taimin ya goce, kwantak ya ƙone, kwandansa ya gaji, ko fulogi ya ƙare. Wani lokacin tsatsar cikin tanki ce ke toshe jet (ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto), ka ɗaura sabo, ba a jima ba shi ma ta toshe shi. Don haka a fara daidaita wuta, a auna matsin silinda, a wanke tanki, a sa sabuwar matatar mai. Sannan a duba ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Injin yana silo, ka fesa maganin wanke kafireto a gindinsa inda ya zauna kan manifol (bututun da ke kai mai da iska cikin inji), da kuma gefen sandar totur. In ƙarar injin ta canza, nan ne kafar take. In gaskit ne, da sauƙi. In ramin sandar ne ya cinye har tana lilo, sai a yi masa bushin ko a nemi wani.

Daga nan sai saurin jefar da na asali. Kafireton Aisan da ke kan injin F da 2F na Land Cruiser FJ40, don wannan injin aka ƙera shi, kuma yana jure hawa da gangara fiye da yawancin waɗanda ake maye gurbinsa da su. Wanki mai kyau da sabbin kayan ciki sun fi masa sauyi. Zenith 36IV na Land Rover mai injin lita 2.25 yana da hali sananne: fuskokin da ke haɗuwa suna lanƙwasawa saboda zafi da yawan ɗaure kusa, mai ya riƙa tsiyaya ciki, motar ta riƙa shan fetur. Maganinsa a shimfiɗa takardar yashi mai laushi kan gilashi, a goga fuskar a hankali har ta miƙe, a sa sabuwar roba. In ya wuce gyara, Weber 34ICH ne aka saba sa mata. Ba kowane na asali ne ya cancanci wahalar ba. Carter BBD na kan Jeep mai injin lita 4.2 ya yi ƙaurin suna wajen toshewar bututun silo, shi ya sa da yawa suke komawa Motorcraft 2150 ko Weber.

Akwai kuma masu ganin babban kafireto shi ne ƙarfi. Ana auna girmansa da CFM, wato yawan iskar da ke ratsa shi a minti ɗaya, kuma lissafin ba wuya: girman injin a inci kubik sau juyin injin mafi yawa da za ka kai a minti ɗaya, raba da 3456. Injin Jeep ɗin nan inci 258 ne. A juyi 4,000 abin da ke fitowa kusan 300 ne, kuma tsohon injin ba ya cika silindarsa taf, saboda haka abin da yake sha bai wuce wajen 240 ba. Ɗora masa kafireto mai CFM 600 tamkar sa wa yaro takalmin babansa ne. Idan maƙogwaron ya yi faɗi, iska ba ta gudu a ƙaramin juyi, ba ta iya janyo mai yadda ya kamata, ka taka totur motar ta shaƙe kafin ta amsa. Motar daji kuwa a ƙaramar giya take rayuwa, cikin yashi da taɓo da duwatsu.

Abin da aka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci, shi ne karkata. Kafireto yana da ɗan kwanon mai da fulot (abin da ke yawo a saman mai) a ciki, fulot ɗin ne ke tura allura ta rufe hanyar mai idan kwanon ya cika. A kan kwalta wannan na aiki lafiya lau. Amma idan mota ta ɗaga hanci a hawa, ko ta kwanta gefe guda, man yana taruwa a kusurwa ɗaya. Ko dai ya malala cikin maƙogwaro injin ya cika da mai ya mutu, ko ya bar jet a bushe. Mutuwar injin a tsakiyar hawa ba wasa ba ne, musamman a motar da birkinta ke dogara da injin. Tsalle-tsallen hanya ma yana sa allurar ta riƙa buɗewa. Kafin ka saya, ka tambayi waɗanda suka yi hawa da irinsa a irin motarka, ka nemi mai allurar da ke da sifirin, ka saita tsayin fulot daidai da littafinsa. Don wannan matsala kamfanin Holley ya fitar da Truck Avenger, ko da yake ya fi dacewa da manyan injuna.

Matsin mai ma yana kayar da mutane. Kafireton Weber 32/36 yana son matsin mai na wajen psi 3 (psi ma'aunin matsi ne). Famfon da ya fi haka zai danne allura, mai ya yi ambaliya, a ce kafireton ba shi da kyau, alhali ɗan regileta ne ya rage.

Sai jabu. Weber na gaske a Italiya ya samo asali, yanzu a Sifen ake ƙera shi, kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwa. Wani kan yi aiki, wani kuma jet ɗinsa ba lamba, ko lambar ba ta yi daidai da ramin ba, har da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Tambaya ɗaya ta isa: in robar famfon totur ta yage, ana samun kayan gyaransa? Fetur mai haɗin etanol yana cin tsohuwar roba, don haka wata rana za a neme su.

Ƙananan abubuwa kuma su ke cinye ranar ɗauri. Ramukan kusa sun dace da manifol, ko sai da mazauni? Cok, wato abin rage iska lokacin tayar da inji da sanyi, na waya ne da ake ja da hannu, na lantarki, ko na ruwan zafi? A dangin 32/36, DGV na hannu ne, DGEV na lantarki, DGAV na ruwa. Totur yana buɗewa har ƙarshe ya kuma dawo da kansa? Akwai bakin da tiyon distiributa zai shiga? Ɗan ƙaramin matacin iskar da ke zuwa da shi kuma ba na ƙura ba ne. Gara a nemi abin haɗi a ci gaba da amfani da na asali.

Bayan an ɗaura, kada a ɗauka an gama. Jet ɗin da ya zo da shi saitin gama-gari ne, kuma a tudu mai tsayi iska ba ta da kauri, sai an rage girmansa. A yi tafiya injin ya yi zafi, a kwance fulogi a duba bakinsa: baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan kuma injin na iya ƙona bawul, ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. A riƙa canza jet mataki ɗaya a lokaci guda, a rubuta lambar da aka cire.