Hoton Fadama Mai Faɗi: Kurakuran da ke Ɓata Ɗinki da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Kwalkwalawa da ke Sakkwato da sanyin safiya ya dubi fadamar Rima, ya san hoto ɗaya ba ya iya ɗauke ta. Ga shinkafa, ga albasa, ga raƙuma can nesa suna tafe a jere. Shi ya sa muke ɗaukar hotuna uku ko biyar, mu ɗinke su a kwamfuta su zama ɗaya. Ni da kyamara mai zugazugi nake wannan aiki, irin wadda masu hoton da can suke lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin su ɗauka, sai dai yanzu a bayanta, inda ake sa fim, kyamarar zamani nake ɗaurawa. Kusan duk kuskuren da zan ambata ni ma na yi shi, wani ma fiye da sau ɗaya, kuma kusan duk tushensu guda ne: wani abu ya sauya tsakanin hoto na farko da na ƙarshe.

Babban cikinsu shi ne motsa lensi. Kyamara mai zugazugi tana da allo biyu, na gaba mai riƙe da lensi, da na baya mai riƙe da abin ɗaukar hoton, kowanne kuma ana iya zame shi hagu ko dama. Sabon shiga yakan zame na gaba. To da zarar lensi ya gusa, wurin da ake kallo daga gare shi ya gusa ke nan. Miƙe yatsanka a gabanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka rufe ɗayan; za ka ga yatsan yana tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka giginyar da ke kusa da kai za ta yi tsalle a kan garin da ke bayanta, manhaja kuma ta rasa inda za ta ajiye ta. Sai ka ga gindin itace a karye, ko sandar lantarki ta zama biyu.

Gyaran shi ne ka ƙulle allon gaba tamau, ka zame na baya kawai. Dalilin da ya sa wannan kyamara ta dace da aikin ke nan. Lensin da aka ƙera don fim mai inci 4 da 5 yana zana da'irar haske da faɗinta ya haura milimita 150, alhali sansa, wato ɗan farantin da ke kama hoton a cikin kyamarar zamani, mai cikakken girma milimita 36 da 24 ce kacal. Hoton yana nan a shimfiɗe cikin da'irar kamar tabarma, kai kuma kana yawo da ƙaramar sansa kana ɗiba. Ka ɗauki na tsakiya, ka zame milimita 20 hagu ka ɗauka, ka koma 20 dama ka ɗauka. Faɗin ya zama milimita 76, kowane hoto kuma ya hau kan maƙwabcinsa da milimita 16. Lensi bai motsa ba, saboda haka babu abin da ya yi tsalle.

In faɗin da kake so ya wuce haka, dole ka juya kyamarar gaba ɗaya, to a nan sai ka nemi wurin da ya kamata ta juya a kai, wanda ke cikin lensi, ba a ƙarƙashin jikin kyamara ba. Kafa sanda kusa da kai, ka saita ta da wata sandar mai nisa, ka riƙa matsar da kyamarar gaba ko baya a kan dogon ƙarfen da take zaune a kai kana juyawa, har sai sandunan biyu sun daina rabuwa. Ka yi wa wurin alama. Sau ɗaya ake wannan wahala ga kowane lensi.

Sai rowar hawan hotuna kan juna. Wasu suna so hotuna uku su yi aikin biyar, sai su bar gefe ya taɓa gefe da ƙyar. Tela ma yana barin ƙyalle a bakin ɗinki. Ka bar kashi ɗaya cikin uku, ka kuma ƙara in sararin sama ne ko farin yashi ya cika wurin, domin manhaja tana neman alamar da za ta kama, yashi kuwa ba shi da ita.

Akwai kuskuren da ya fi ba ni takaici, don ba ka ganinsa sai ka dawo gida: barin kyamara ta yanke wa kanta shawara. Ta dubi gabas ta ga haske ta rage, ta dubi inuwar mangwaro ta ƙara, launi ma ta sauya shi. Da ka ɗinke sai sama ta fito kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye daban-daban. Mayar da komai hannunka. Auna haske a ɓangaren da ya fi haske, ka tsayar da ISO (wato ƙarfin jin haske na sansa), saurin ɗauka da daidaiton launi, ƙofar lensi, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, ta zauna a lambar f/11 ko kusa da haka, ka saita kaifi sau ɗaya kada ka sake taɓawa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Gilashin nan mai rage ƙyalli da ake ɗaurawa gaban lensi, cire shi. Ƙarfinsa ya danganta da inda rana take, don haka a hoto mai faɗi yakan bar baƙin tabo a wani sashe na sama.

Ƙasar Sakkwato kuma tana da nata sharuɗɗa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana ba da haske mai laushi da nake ƙauna ƙwarai, amma ƙurar tana shiga ko'ina. Kyamarar da aka ɗaura a bayan zugazugi sansarta a buɗe take, zugazugin kuma numfashi yake: ka ja shi ya shaƙi iska, ka tura ya fesa. Ɗigon ƙura ɗaya a sansa zai bayyana a kowane hoto, ya zama uku ko biyar a jere cikin sama. Haɗa kayanka a ɗaki ko cikin mota kafin ka fita, ka hure da famfon roba, ba da baki ba. Da bazara kuwa, a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga ƙasa tana karkaɗa duk abin da ke nesa, gini ya lanƙwashe a hoto ɗaya ya miƙe a na biye. Wannan ba shi da magani a kwamfuta. Ka fita bayan asuba, ka gama kafin hantsi. Iska ma zugazugi tara ta yake kamar tuta, sai ka tsaya ta inda take kaɗowa ka kare shi da jikinka, ka rataya jaka mai nauyi a ƙasan ƙafa-ukun da kyamara ke zaune a kai.

Hasken safe kuma ba ya jira. Minti uku tsakanin hoton farko da na ƙarshe sun isa launi ya sauya, saboda haka gwada zamewar hannu wofi tukuna, sannan ka ɗauka a jere ba tsayawa.

Karkacewar kyamara ba ta buƙatar dogon bayani. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, ko a bakin ruwan madatsar Goronyo, ƙaramar karkata ma ido na ganinta. Duba ma'aunin nan mai kumfa kafin ka fara.

Mutane da dabbobi suna motsi, ba kuma don hotonka suka fito ba. Na taɓa ɗinke hoton gona na tarar da jaki rabi, kansa a hoto ɗaya, bayansa ya ɓace. Ka bari abin da ke tafiya ya shigo tsakiyar hoto guda, ko ka ɗauki wurin sau biyu ka zaɓa daga baya. Kafin ma ka kafa ƙafa-uku a gonar wani, yi sallama: "Baba, sannu da aiki, ko za a ba ni izini in ɗauki hoton gonar nan?" In akwai mata a wurin, ka tambaya ko ka jira.

A kwamfuta kuskure biyu na fi gani. Hotunan da aka ɗauka da zamewar allon baya a miƙe suke, jerawa kawai suke so, amma sai mutum ya bar manhaja ta lanƙwasa su kamar waɗanda aka ɗauka da juyi. A manhajar Photoshop zaɓi Reposition, wato jerawa kawai. In juyi ka yi, manhajojin PTGui ko Hugin, wadda kyauta ce, sun fi dacewa. Na biyu shi ne gefuna da ke fitowa da duhu ko shuɗi-shuɗi da ja-ja, musamman da lensi mai faɗin gani, saboda haske na faɗa wa sansa a karkace. A kowace zamewa, bayan ka ɗauki hoton, ɗora farar roba mai barin haske ya ratsa a gaban lensi ka sake ɗauka ba tare da ka sauya ƙofar lensi ba. Manhajar Capture One na amfani da wannan farin hoton ta wanke launin da duhun. Ka yi wankin ga kowane hoto shi kaɗai kafin ɗinki, don in ka riga ka ɗinke, farin hoton ba zai ƙara dacewa da komai ba.