Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Mamurɗin Itace da Mamurɗi Mai Haƙori a Kan Lut

A shekarar 1713 mawallafin kiɗa ɗan ƙasar Jamus, Johann Mattheson, ya yi wa makaɗan lut, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na Turai, ba'ar da har yau ake maimaitawa, cewa makaɗin lut da ya kai shekara 80 a duniya, to 60 daga ciki a gyaran tsirkiya ya ƙarar da su. Ba'ar tana da tushe, domin lut na zamaninsa ya kai ga layi 13 mai tsirkiya 24, yawancin layukan tsirkiya bibbiyu ne, ud na Larabawa kuma, wanda daga sunansa kalmar lut ta samo asali, yawanci tsirkiya 11 gare shi, kuma kowace tsirkiya da nata mamurɗin, wato sandar da ake murɗawa don ɗaure ta ko sassauta ta. Shi ya sa mai lut da ya gaji yakan fara tunanin sauya mamurɗan itace da masu haƙoran ƙarfe a ciki. Ra'ayina shi ne kada a yi gaggawar haka, domin sau da yawa laifin ba na mamurɗin ba ne.

Matakin farko shi ne fahimtar abin da ke riƙe kowannensu. Mamurɗin gargajiya sanda ce ta itace mai tauri, irin su eboni, wadda aka fiƙe tana sirancewa a hankali, galibi milimita 1 a kowane tsawon milimita 30, aka kuma daidaita raminta da wannan sirancin. Matsi kaɗai ke riƙe ta, kuma iyakar abin da yatsu suka murɗa shi tsirkiya ke samu. Mai haƙori kuwa a ido kamar na itace yake, amma a cikinsa akwai ƙananan haƙora irin na giyar mota da ke rage gudun juyawa. Na kamfanin Pegheds na Amurka sai an juya kansa sau 4 kafin wurin naɗa tsirkiya ya zagaya sau 1, na kamfanin Wittner na Jamus kuma, wanda aka fi sani a kan goge na Turawa, sau 8.5.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gano inda matsalar take. Gidan mamurɗan lut yana lanƙwashe baya kusan a tsaye, saboda haka tsirkiya tana danne ƙashin nan mai tsagi-tsagi da ke ƙarshen wuya da ƙarfi ƙwarai. Idan ka murɗa sauti bai motsa ba, can kuma ka ji ƙas, ya yi tsalle ya wuce inda kake so, to tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagin ƙashin, kuma ko ka sa mamurɗin da ya fi kowanne tsada ba za ta daina ba. Maganinsa a sassauta tsirkiya, a goge tsagin ya yi sumul, a shafa masa bakin fensir mai taushi. Idan kuwa mamurɗin ne da kansa ke ƙin juyawa ko yake warwarewa, sai a zare shi a duba wuraren 2 da yake gogar bangon gidansa. Mai lafiya za a ga zobe mai sheƙi ya zagaye shi a duka wuraren. Idan sheƙin gefe ɗaya ne, itacen ya bushe ya daina zama zagayayye, domin itace ba ya ƙanƙancewa daidai ta kowace fuska, irin wannan kuma sai mai gyaran kayan kiɗa ya sake fiƙe shi, ya daidaita ramin.

Daga nan sai a ba mamurɗin itacen haƙƙinsa kafin a yanke masa hukunci. A share tsohon datti da tsumma busasshe. Idan yana cijewa, a ɗan shafa busasshen sabulu a wuraren sheƙin, idan yana zamewa a sa alli, yawanci kuma haɗin biyun ne ke ba da juyi mai laushi da riƙo. Ana sayar da man mamurɗi da aka haɗa don wannan aiki, ya kuma fi tsafta. Kada a kusantar da man girki ko na inji, domin itace zai sha shi, mamurɗin kuma ba zai sake riƙo ba. Wajen naɗa tsirkiya a bar zagayen ya tafi a jere, ba wani kan wani ba, yana nufar bangon da ke kusa da kan mamurɗin, domin hakan na jan sa ciki, amma kada a cusa har tsirkiya ta matse da bango. Wajen saita sauti kuma a fara sassautawa ƙasa da inda ake so, sannan a hau a hankali, ana murɗawa ana ɗan turawa ciki, ɗaya hannun yana tallafe da gidan mamurɗan. Mutane da yawa da suka ce mamurɗin itace azaba ne, wannan turawar ce ba wanda ya taɓa koya musu.

Idan an yi wannan duka na 'yan makonni abin bai gamsar ba, to lokacin auna sauyi ya yi. Mai haƙori yana da hujja mai ƙarfi a wurare 3. Na ɗaya shi ne inda yanayi ke yawan canzawa, domin laima tana kumbura itace mamurɗi ya cije, bushewar iska kuma tana sa ya saki tsirkiya gaba ɗaya cikin dare, alhali mai haƙori jikinsa ba ya juyawa a cikin ramin, bai damu da wannan ba. Na biyu shi ne mai ciwon gaɓoɓin yatsu ko raunin hannu. Na uku shi ne mai amfani da tsirkiyar kabon, wata irin tsirkiyar roba wadda ba ta da talewa kamar nailan, ɗan motsi kaɗan sai sautinta ya yi nisa. A ɗaya ɓangaren kuma, lut abu ne marar nauyi ƙwarai, mamurɗai masu ƙarfe guda 15 ko 24 suna iya sa kai ya riƙa rinjaya ƙasa a hannun makaɗi. Sauya tsirkiya ma yana ƙara cin lokaci, tunda kowane zagaye ya ninku, kuma idan haƙoran suka lalace ba a gyara su da alli, sai dai a sake wani. Tsohon lut mai daraja ta tarihi kuwa, ni dai ba zan yarda a faɗaɗa raminsa ba, domin itacen da aka cire ba ya dawowa.

Wanda ya ƙudura sauyawa, sai ya auna faɗin kowane rami ta bakinsa biyu, da faɗin gidan, da tazarar da ke tsakanin mamurɗai, domin a lut suna kusa da juna sosai, kan da ya yi girma zai hana yatsu shiga. A sayi girman da ya fi kusa da ramin da ake da shi don a rage abin da za a sassaƙe. Aikin sawa na ƙwararre ne, domin bangon gidan siriri ne, yana iya tsagewa. Zai daidaita ramin da ƙarfen da sirancinsa ya dace da sabon mamurɗin, idan ramin ya riga ya yi faɗi kuma ya cike shi da itace ya sake hudawa. Na Pegheds suna da zare a jiki, akwai na dama da na hagu, kuma dole kowanne ya shiga ɓangarensa domin jan tsirkiya ya riƙa ƙara ɗaure shi maimakon kwance shi. Na Wittner tura su ake yi su zauna da matsi.

Ba lallai ne a sauya duka a rana ɗaya ba. Ana iya farawa da mamurɗin tsirkiyar sama, wadda ta fi kowace siranta da saurin kaucewa, a kaɗa na wata guda a ji yadda hannu ya karɓe shi. Tsoffin mamurɗan da aka cire kuma a sa wa kowanne lambar raminsa da fensir, a adana su a wuri busasshe, domin kowane ɗaya an fiƙe shi ne don rami guda, kuma mai sayen lut ɗin nan gaba yana iya tambayar su.