Yadda za ku shirya haihuwar asibiti tun kafin naƙuda ta taso

Maganar nan ta 'yan uwanmu ce na ƙauyukan Giwa da Igabi da Kauru da Birnin Gwari, da mu da muke zaune cikin garin Kaduna amma muna da ƙanne da yayye a can. Mace ba ta yanke shawarar zuwa asibiti a daren da naƙuda ta kama ta, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Shawarar nan tun ciki yana wata huɗu biyar ake gama ta, kuma gida gaba ɗaya ne ke yi.

Ku dubi Afganistan. A gundumar Ragh ta lardin Badakshan, binciken da aka yi a 2002 ya gano mata kusan 6,500 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, adadin da da wuya a taɓa jin irinsa a duniya. Abin da ke tsare matan karkararsu a gida wallahi kamar namu, nisa da duwatsu da dusar ƙanƙara mai toshe hanya, sai izinin miji da uwar miji, sai muharramin da zai raka ta, sai rashin ma'aikaciya mace. Da aka fara ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka ana koya musu aikin ungozoma ana mayar da su garinsu, mata suka fara fitowa. Abin baƙin ciki a Disambar 2024 Taliban ta hana mata karatun ungozoma da jinya. Mu dai makarantunmu a buɗe suke, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, Arewa maso Yamma kuwa ƙasa da haka sosai.

Toh a fara da izini, don shi ne ya fi kashe mata shiru. Maigida ya tafi cin rani ko yana kasuwar ƙauye, waya ba sabis, mace na murƙususu a ɗaki an ce a jira shi. Maigida dan Allah tun yanzu ka tara Inna da ƙaninka da matar, ka faɗa da bakinka a gabansu cewa ko ba na nan in ciwo ya taso a kai ta, na yafe, ba sai an neme ni ba. Ita kuma Inna kar a zo mata da gadara, ta haifi tara ko goma a ɗaki kuma gaskiyarta ce, sai dai a tuna mata da waɗanda ta sani da suka tafi ta hanyar zubar jini ko jijjiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙe ta ta raka surukarta awo ko sau ɗaya, ta ga ana gwada jini ana jin bugun zuciyar jariri, yawanci daga nan ita ce ma za ta riƙa tuna ranar komawa. Mai cikin fari kuma a cire mata kunyar nan ta ɓoye naƙuda, doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, in ta wuce awa 12 ba a haihu ba babu sauran jira.

Awo kuwa kar a bari sai ciki ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8. A wurin awon ne za ki san ma'aikatan su san ki, ki tambaya kai tsaye, Malama wa ke kwana a nan da dare? Mace ce? In abu ya gagara ina kuke turawa? Domin ƙaramin asibitin mazaɓa yana karɓar haihuwa amma ba ya tiyata ba ya ƙarin jini, sai an miƙa babban asibiti irin su Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, Barau Dikko, Gwamna Awan a Kakuri, ko Gambo Sawaba da Shika a Zariya. Ku san naku tun wuri. Katin awo ya zauna cikin jakar kaya, ba ƙarƙashin katifa ba.

Sai mota. Ku yi magana da direba biyu na tasha ko mai Keke, a ajiye lambarsu a wayar mutum biyu, a daidaita kuɗi tun da rana tsaka don da ƙarfe biyun dare ba a ciniki. In garinku rafi na cika da damina, ko hanyar ba ta biyuwa bayan magariba saboda 'yan bindiga, gaskiya kar a jira ciwo, da watan haihuwa ya kama a kawo ta gidan 'yan uwa kusa da asibiti ta zauna, goyon ciki ai al'adarmu ce dama. Mu na birni nan ne namu aikin, mu buɗe ƙofa mu ba da ɗaki.

Kuɗi a ware daban, ko adashe ko ɗan akuya da aka ce na haihuwa ne ba a taɓawa. Gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata a Nuwambar 2024, ku tambaya a wurin awo wane asibiti ke cikin shirin, amma duk da haka mota da abinci da wasu magunguna suna kanku. A nemi 'yan uwa biyu da za su ba da jini, a gwada rukunin jininsu tun yanzu.

Ungozomar gari kar a ture ta, a sa ta cikin shirin, ita ta fi kowa saurin gane an shiga matsala, sai ta shiga mota ta raka.

Zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko jariri ya daina motsi, duk wannan a tashi nan take, in rubutu za a sha a tafi da shi a gora. In an sauka lafiya kuma kar a yi gaggawar komawa gida don wankan jego, a bari ta cika awa 24 a idon ma'aikata, don zubar jini mai haɗari ya fi zuwa a wannan tsakanin.