Yadda Kamfani a Abuja Zai Zaɓi Manhajar Tara Log da Sa Ido Kan Tsaro

Duk ranar da aka yi wa kamfani kutse, tambayoyi uku ake fara yi: wa ya shiga, ta ina ya bi, me ya taɓa. Amsoshin suna cikin log, wato rajistar da kowace kwamfuta, sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), rauta (na'urar rarraba intanet) da manhaja ke rubutawa da kanta idan wani abu ya faru. Sai dai rajistar ba ta jiran kowa. Windows megabait 20 kacal take ware wa rajistar tsaro in ba a ƙara mata ba, tana cika sai sabon rubutu ya hau kan tsoho, kuma a sabar da ake yawan shiga, abin da ya faru shekaranjiya ma ba lalle ka tarar da shi ba. Rautar MikroTik da ke ofisoshi da yawa a Wuse da Garki, a ƙwaƙwalwar wucin gadi take ajiye nata, layi 1,000, ana ɗauke wuta ya ɓace. Ɗan kutsen da ya san aikinsa kuwa sai ya share sawunsa kafin ya fita.

Shi ya sa ake kwashe log daga kowace na'ura tun yana sabo a tara shi wuri guda. Manhajojin wannan aiki iri biyu ne, kodayake dillalai sukan haɗa su a baki. Akwai wadda aikinta tarawa, ajiyewa da sauƙaƙa bincike. Akwai kuma wadda ake kira SIEM, ita bayan tarawa takan haɗa labarin wannan na'ura da na waccan ta buga ƙararrawa: an gwada kalmar sirri sau 40 an kasa, na 41 ya shiga, bayan minti biyu an ƙirƙiri sabon asusu mai cikakken iko. Kowanne shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, a jere kuwa ɓarawo ne a cikin gida.

Kafin ka kira dillali

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke fitar da log, ka jera su bisa ɓarnar da za a yi in an taɓa su. Ga kamfani mai hedikwata a Utako da rassa a Kubwa da Gwagwalada, jerin yakan fara da sabar da ke riƙe asusun ma'aikata, sai imel na Microsoft 365 ko Google Workspace, sai fayawol (mai gadin ƙofar intanet ɗin ofis) da VPN (rufaffiyar hanyar shiga ofis daga nesa), sai manhajar akanta da ta biyan albashi, sai kwamfutocin masu taɓa kuɗi. Firinta da talabijin ɗin falon baƙi su jira.

Imel ka ba shi muhimmanci na musamman, domin ta nan ake yawan yi wa kamfanoni sakiyar da ba ruwa: a shiga akwatin akanta, a kafa doka ta ɓoye mai tura kwafin duk saƙon da ke ɗauke da kalmar biya zuwa wani adireshi, a yi shiru har ranar da za a sauya lambar asusun banki a takardar neman kuɗi. Microsoft kwana 180 take riƙe rajistar ayyukan Microsoft 365 a lasisi na gama-gari, rajistar shiga asusu ta Entra ID, manhajarta mai tantance masu shiga, kuwa kwana 7 ce a matakin kyauta, 30 a na kuɗi. Manhajar da ba ta iya janyo waɗannan kai tsaye ba, cire ta daga lissafi tun yanzu.

Sai awo, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke jawo kuka daga baya. Kafa wata kwamfuta ta karɓi log na mako biyu, ka tabbata ƙarshen wata ya faɗo a ciki, lokacin biyan albashi da rufe littafi. Lissafin ba wuya: in na'urorinka na fitar da saƙon log 100 a daƙiƙa, a yini mai daƙiƙa 86,400 ka samu miliyan 8.64. In kowane saƙo ya kai bait 500, gigabait 4.3 ke nan a rana, wajen 130 a wata, kusan terabait 1.6 a shekara kafin a matse shi. Za ka ga fayawol ce ke cin kaso mafi tsoka, galibi da rubutun "na bari ya wuce" wanda ba kowanne ke da amfani ba. Ƙara akalla kashi 30 cikin ɗari kan abin da ka auna, saboda ranar da ake kai maka hari log ninkuwa yake yi, kuma ranar ce ba ka son manhajar ta ce ta ƙoshi.

Abin da doka ta ɗora maka

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 daga lokacin da ya gano an taɓa bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su, ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Kwana uku ba sa isar mai bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu. Mai ajiye ko sarrafa bayanan katin banki kuma ƙa'idar PCI DSS ta wajabta masa riƙe log na wata 12, na wata 3 na baya-bayan nan su kasance a hannu don bincike nan take. Bankunan ƙananan 'yan kasuwa da kamfanonin biyan kuɗi suna da ƙarin ƙa'idojin Babban Banki a kansu, sai su fara karanta su. In babu wata ƙa'ida a kanka, shekara guda ma'auni ne mai kyau, don kutse kan daɗe ba a farga ba.

Kada ka manta log ɗin kansa yana ɗauke da sunaye, imel da adireshin intanet na mutane. In manhajar girgije za ka ɗauka, wato wadda ke zaune a sabar kamfanin da ya sayar maka, tambayi ƙasar da za a ajiye shi, a rubuta a yarjejeniya, domin dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje.

Kuɗi da manhajojin da ke kasuwa

Kowane kamfani da ma'aunin da yake caji. Microsoft Sentinel da gigabait take lissafi, ajiyar kwana 90 na farko babu ƙarin kuɗi, kuma wasu log na Microsoft 365 kyauta suke shiga, don haka ta dace da ofishin da komai nasa ke hannun Microsoft. Splunk, wadda Cisco ta saya a 2024, gwana ce wajen bincike amma tana da tsada. Tana da ta kyauta mai megabait 500 a rana, sai dai ba ta buga ƙararrawa, ta koyo ce kawai. QRadar yawan saƙo a daƙiƙa take ƙirgawa. ManageEngine yawan na'urori take ƙirgawa, abin da ke sa mai kamfani ya san kuɗinsa tun farkon shekara.

Kusan duk da dala ake biyan su, kuma wanda ya sa hannu a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024. Lissafa kuɗin shekara uku, ka sake lissafawa da dala mai tsada fiye da ta yau, ka ga ko za ka iya ɗauka. Haɗarin cajin gigabait shi ne, in kuɗi ya yi nauyi sai a fara kashe log don a rage, kuma sau da yawa wanda aka kashe shi ake nema ranar bincike.

A ɓangaren kyauta akwai Wazuh, Graylog da Security Onion. Ga kamfani mai kwamfutoci ƙasa da 100 da ma'aikacin da ya iya Linux da gaske, mu Wazuh muke ba da shawarar a fara da ita. Masu ita sun ce na'ura 25 na buƙatar sabar mai furosesa mai kai (core) 4, RAM gigabait 8 da faifai gigabait 50 don ajiyar kwana 90, na'ura 100 kuma kai 8 da gigabait 200. Amma ga inda ake tuntuɓe: wannan lissafi na ajiye log ɗin da ya jawo gargaɗi ne kaɗai, ba duka log ba. Yadda take zuwa, Wazuh abin da ya dace da wata ƙa'idar gargaɗi tata kawai take ajiyewa, sauran ta zubar. In kana son komai, sai ka kunna saitinta mai suna logall_json, faifan kuma zai cika ninkin-ba-ninkin. Rumbun ajiyar bayanan da ke ƙarƙashinta, irin wanda Graylog ma ke amfani da shi, faifai na kai kashi 95 cikin ɗari yake daina karɓar rubutu. Allo na nan da launukansa, ba abin da ke shiga, sai a yi makonni ba wanda ya lura. Sa gargaɗi a kashi 75. Kyautar lasisi ce kawai, albashin mai kula da ita da kuɗin sabar suna nan, kuma in mutum ɗaya ne ya san kanta, ranar da ya samu aiki a Legas ko ƙasar waje an koma gidan jiya. A sa shi ya rubuta duk abin da ya saita, a kuma koya wa na biyu.

Wuta, layi da agogo

Rumbun log kullum cikin rubutu yake, ɗaukewar wuta farat ɗaya kan lalata shi. Tsakanin tafiyar wuta da tashin janareta dole UPS ko inbata su riƙe sabar, a kuma haɗa UPS ɗin da ita ta kebul don ta kashe kanta cikin tsari in batir ya kusa ƙarewa.

Na'urorin sadarwa da tsarin da ake kira syslog suke aika log, yawanci ta ƙofa 514 a kan UDP, salon aikawa wanda jefawa yake yi ba ya tambaya ko ya isa, kuma ba ya ɓoye abin da ya ɗauko. A cikin ofis ɗaya ana iya haƙuri da shi. Daga Gwagwalada zuwa Utako kuwa, bi ta cikin VPN ko TLS, mai ɓoye saƙo, a ƙofa 6514, ka ajiye ƙaramar kwamfuta a reshe mai manhajar rsyslog da ke tara saƙo a faifai in layi ya yanke, ta tura in ya dawo. Tambayi kowane dillali: in reshe ya yi awa shida babu intanet, saƙo nawa za a rasa? Ya nuna maka a aikace.

Agogo kuma a saita duka da NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet, daga tushe ɗaya. Lokacin Najeriya yana gaban UTC, ma'aunin lokacin duniya, da awa ɗaya, manhajojin girgije da UTC suke rubutu, fayawol ɗinka da lokacin gida. In ba a daidaita ba, za ka ga kuɗi sun fita kafin ɓarawo ya shigo. Wasu rautoci ba su da batirin agogo, bayan ɗauke wuta sai ka ga suna rubuta shekarar 1970.

Gwaji na kwana 30

Nunin da dillali zai yi maka a ɗakin taro da bayanansa ne da ya gyara. Zaɓi manhajoji biyu, ka nemi gwajin wata guda a kan na'urorinka, ka yi wa kanka ɓarna da gangan kana duba agogo. Buga kalmar sirri ba daidai ba sau goma, Windows, wadda ke ba kowane irin aiki lambarsa a rajista, za ta rubuta lamba 4625 kowane karo. Ƙirƙiri sabon asusu, 4720, ka sa shi cikin masu cikakken iko, 4732. Share rajistar tsaro ta wata kwamfuta, 1102. Wannan na ƙarshe in bai tashi kowa ba, manhajar ba ta ci jarabawa ba. Kafa dokar tura imel waje a wani akwatin gwaji. Zare kebul ɗin fayawol ɗin reshe ka ga ko za ta lura cewa wata na'ura ta yi shiru, domin shiru ma alama ce. Sannan ka ba ma'aikacinka, ba injiniyan dillali ba, sunan mutum ɗaya ya fito da duk inda ya shiga cikin watan. In abin ya ɗauke shi yini guda, haka zai ɗauke shi ranar tashin hankali.

Duba kuma ko tana gane harshen na'urorinka. Na'urorin Sophos, FortiGate da Cisco kusan kowace manhaja ta san su. Manhajar akanta da wani kamfanin gida ya rubuta maka kuwa sai an zauna an koya mata inda suna yake da inda lokaci yake, ka san wa zai yi wannan aiki da nawa zai ci.

Wa zai tashi da dare

A 2013 an sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, alhali na'urorin tsaronsu sun yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Mako awa 168 ne. In mutum na aikin awa 40, kujera ɗaya tak ta sa ido dare da rana na buƙatar mutum biyar in an lissafa hutu da rashin lafiya. Yawancin kamfanoni ba za su iya ba, kuma masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa daren Juma'a da hutun Sallah suke so. Mafita biyu ce. Ko ka ɗauki kamfanin da ke sa ido a madadinka, a rubuta minti nawa za su kira ka da abin da aka ba su izinin kashewa ba tare da sun jira ka ba. Ko ka zaɓi gargaɗi shida zuwa takwas mafi haɗari su riƙa zuwa wayar mutum biyu, sauran a duba kowace safiya na rabin awa. Manhaja sabuwa kan yi gargaɗi ɗaruruwa a rana, kuma kunne in ya saba da ƙara daina ji yake yi, don haka ware watan farko don rage hayaniya.

Sabar log kada ta yi amfani da kalmar sirri ɗaya da sauran sabobi, kuma mai kula da kwamfutocin kamfani kada ya zama yana iya goge abin da aka rubuta a kansa. Wannan kariya ce gare shi ma ranar da zargi ya taso. A riƙa fitar da kwafi kullum zuwa ma'ajin da ba a iya sauyawa ko sharewa sai wa'adinsa ya cika.

A yarjejeniya, tabbatar an rubuta abin da zai faru in ka wuce ma'aunin da ka saya: ƙarin caji ne, ko daina karɓa. A rubuta farashin sabuntawa na shekara ta biyu da ta uku, da irin kuɗin da za a biya da shi, naira ko dala, da lokutan da ake samun mai taimako a agogon Najeriya. A kuma rubuta cewa in kun rabu za a ba ka log ɗinka duka a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, kamar JSON, cikin kwanakin da aka ƙayyade, kafin su goge nasu kwafin.