Yadda Nake Karanta Tarihin Sarakunan Rumawa

Ɗalibaina a nan Jos nakan ce musu, kafin ku yarda da marubucin fadar Kustantiniyya, babban birnin Rumawan Gabas, ku fara tambayar tuwon wa yake ci.

Ga misali. A 867 Basil na Ɗaya ya sa aka kashe Sarki Mika'ilu na Uku, ya haye gadon. Daga baya jikansa, Kustantin na Bakwai, ya sa aka rubuta tarihin kakan nasa, sai Mika'ilu ya fito a mashayi marar kan gado. To, in kun ga an zage mamaci tas, ku duba wa ya gaje shi. Haka Anna Komnene: labarin mahaifinta Sarki Alexios take bayarwa, ilimi kam akwai shi, amma 'ya ba ta tona asirin uba.

Sannan ku nemo shaidar waje. Yaƙi da Abbasiyawa ne? Ku buɗe littafin tarihin Ɗabari, malamin Musulmi na zamanin Abbasiyawan, ku gwada.

Lissafin shekara ma akwai tarko. Yawancin marubutan Rumawa daga halittar duniya suke ƙirgawa, shekara kuma 1 ga Satumba take kamawa. Don ku sami shekarar Miladiyya, ku cire 5508 daga tasu, ko 5509 idan abin ya faru tsakanin Satumba da Disamba.